Numfashi Ɗaya

Tamanin da uku, in ji takardar asibiti.
Ni dai ban ƙirga ba.
Abin da nake lura da shi iska ce:
yau ta ina ta taso, za ta bar mu mu shiga?

Gwiwata ta hagu ke fara gaishe ni,
ta riga zakara, ta riga rediyo.
In ce mata na ji, kin tashi lafiya?
In shafa mata mai, in lanƙwasa ta sau goma,
in kurɓi ruwan sha'ir mai ɗumi,
mu kama hanya muna 'yar tsama.

Hanyar ta ratsa gonakin lemu,
katangar baƙin dutse dama da hagu.
Iskar Jeju na shiga ta ramukanta tana fita,
shi ya sa ba ta rushewa.
Uwata kan ce: ke ma haka za ki zama,
ki bar wa iska ƙofa.

A gaɓa Ok-ryeon ta hura wuta.
Dā mu arba'in ne, yanzu bakwai,
autarmu ta ba saba'in baya.
Wannan ta ja wa wannan rigar roba,
ana tsiya, ana zagin sanyi.
In ɗaura dalma a ƙugu,
in goge gilashin ido da ɗanyen ganye,
in rungumi gorata, in ba teku ƙirji.

Ruwa ba ya tambayar shekara.
A tudu ni tsohuwa ce mai jan ƙafa,
a ƙarƙashi gwiwa ta yi gum,
baya ya miƙe kamar ba a taɓa goyo da shi ba.
Dā ina nutso gaba goma.
Yanzu huɗu. In teku ta yi fara'a, biyar.
Ban ji kunya ba, huɗun ma nawa ne.

Jiya na ga katantanwa kamar tafin hannu
maƙale a gindin dutse.
Na sa wuƙa, ta ƙi. Ƙirji ya ce ya isa.
Na bar ta.
Sun-im ta tsaya wa irinta,
bana shekara talatin muna kai mata shinkafa bakin ruwa.
Na taso, na saki fito mai tsawo,
shida suka amsa daga bayan igiyar ruwa.
Haka muke kiran suna.

Ɗana Dong-cheol ya bugo daga Seoul:
Umma, ga ɗaki a hawa na sha tara,
ga kujera mai tausa, ki huta haka nan.
Ai na je bara. Kwana tara.
Ƙafa ta kumbura, barci ya ƙaura,
na koma ƙirga motoci ta taga.
Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi,
kuma ni da kifi mun daɗe da sanin juna.

Ba na musun tsufa.
Kunnen dama ya rufe shago,
ƙwaya biyu nake haɗiya kullum safiya,
likita na da ranarsa, ba na saɓawa.
Ina cin miyar ganyen teku da ɗan kifi,
in tsame hannu tun ciki na so.
Ran da iska ta hau, in zauna ɗinkin raga.

Ga kuma Ha-yun, da ta ajiye aikin banki a Busan,
ta zo wai a koya mata.
Tana shiga ruwa kamar mai bin bashi.
Na ce a hankali, yarinya,
ba dogon numfashi ake koyo ba,
sanin ƙarshensa ake koyo.
Ta gyaɗa kai. Ba ta gane ba tukuna.
Zai ɗauke ta shekara biyar, ko shida.

To, kin ji, gwiwa.
Muna da aiki.